Tuwo Daidai Dunƙulen Hannuna

Ni 'yar fari ce, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na bakin fadama ya san abin da hakan yake nufi. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta kallon idona, ba ta yi mini magana kai tsaye. Ranar da aka yaye ni, kakata ta wajen uba ta goya ni ta tafi da ni Haɗeja. Can na girma, can na yi makaranta, can aka ɗaura mini aure da wani tela mai shago a bakin kasuwa. Idan na je ƙauye da salla, sai Inna ta dubi tukunya, ko kaza, ko bangon ɗaki, ta ce, "A gaya wa mutanen birni ga ruwa nan." Ko da mu biyu ne kaɗai a tsakar gidan. Ni ce mutanen birnin. Ƙannena shida kuwa tana kiran sunansu, tana zaginsu, tana murɗe musu kunne, ni ina gefe ina cika ina batsewa. Wallahi har zagin nan na yi sha'awa.

Kunya ce, kowa ya sani, ni ma na sani. Amma sanin bai taɓa rage mini zafin abin ba. Abu ɗaya Inna take yi mini fiye da kowa, shi ne zuba abinci. Sana'arta turara shinkafa, tun rasuwar babanmu da ita take riƙe da gida, kuma tuwon shinkafarta har daga maƙwabta ake aiko kwano. In na zo, kwanona ya fi na kowa cika, kuma in na kai ƙasan malmala sai in tarar da tsokar tarwaɗa an binne a ɓoye. Ba za ta tsaya ta ga na same ta ba. Tun ina yarinya na gane da kwano take gaishe ni, da shi take tambayar lafiyata.

Shekara tara da aure ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Na sha saiwa, na sha rubutu, na sha allura, na sha baƙar magana a gidan suna har na daina zuwa. Kaka ta rasu tana jira. Sai a shekara ta goma, bayan ni kaina na cire rai, Allah Ya kawo. Da maigidana ya ji, sai ya rufe shago da rana tsaka ya dawo ya zauna yana kallona kamar an sauke masa sabon keken ɗinki. Na ce, "Malam, tashi ka koma aiki, kallo ba zai sa a haihu yau ba."

A wata na shida, a wurin awo, aka ba ni wani ruwa mai zaƙin tsiya aka ce in shanye in zauna, aka yi ta ɗibar jinina. Malamar asibitin wata doguwa ce mai tabarau, wadda Allah bai hore mata rage murya ba. Ta ce ina da suga, irin wanda ciki yake kawowa. Na ce ina! Babu mai shi a danginmu, a sake dubawa.

"Baiwar Allah, ba gardama na kira ki ba," in ji ta. "Saurara."

Ta ce tuwo da shinkafa da duk danginsu suga suke komawa a jini. Nawa jikin ya kasa sarrafa shi, to sai ya wuce wurin yaron, ya yi ta girma ya wuce misali. Haihuwa ta yi wuya, wani lokacin ma yaro yakan mutu a ciki ana dab da sauka. Haka ta faɗa, ko kara babu. Ta ɗauko faranti ta raba shi da yatsa. Rabi ganye, nan kifi ko wake ko ƙwai. "Tuwo kuma, dunƙule hannunki." Na dunƙule. "To iyakarsa ke nan." Ni fa ɗan ƙaramin hannu gare ni. Na tambaye ta ko za a yarda in ari na maigida. Ba ta yi dariya ba.

Ban da fura mai suga, ban da kunu, ban da lemon kwalba, waina sai dai in ji ƙamshi. A Haɗeja, jama'a! Garin da in ka leƙa waje shinkafa ce a shanye, in ka waiwaya buhun alkama ne. Amma na yi. Malam ya sayo 'yar na'urar nan da ake huda yatsa a ɗiga jini ta nuna lamba, da littafin rubuta lambobin, da wani ɗan kofin silba na awon dafaffiyar shinkafa. Na koma cin kwaɗon zogale da na rama kamar akuya. Wake, bandar kifi, gurji, yalo. Kaɗan-kaɗan, sau biyar a rana. In na ci in tashi in yi ta zagaye daga bakin rijiya zuwa zaure, ina tafe ina tsine wa shinkafa. Akwai safiyar da maƙwabciyata ta soya waina, na shige ɗaki na rufe taga na yi kuka da hawaye, babbar mace da ni. Lambobin dai suka sauka suka zauna. Malamar ta duba littafin ta ce in na ci gaba a haka ba sai an kai ga allura ba. Shi kuma na cikin yana ta harbina, har na san lokutansa.

Sai wata na bakwai ya kama, aka zo kan goyon ciki. A wurinmu cikin fari ba a haife shi a gidan miji. Mace takan koma gaban uwarta, a kula da ita, ta haihu, ta yi wanka, ta yi arba'in, a mayar da ita ta yi ɓul-ɓul. Da kaka tana raye wurinta zan zauna, a cikin gari. To babu ita. Inna ta aiko cewa an gyara ɗaki.

Malamar asibiti ta ce kada in je. Ta ce damina ce, ta san hanyoyinmu, kuma tana son ganina duk mako biyu. Malam ma ransa bai so ba, amma mahaifiyarsa ta ce ba da ita za a yi wannan abin kunyar ba, a ce sun riƙe 'yar mutane. Shekaru na yi ina ɗora laifin a kan tsohuwar nan, Allah Ya ji ƙanta. Yau da nake rubutu bari in faɗi gaskiya. Da na ce ba zan je ba, da babu mai ɗaukata. Ni nake son zuwa. Ina da shekara talatin da uku, tun da aka yaye ni ban taɓa kwana bakwai a jere a gidan uwata ba, ga shi an ce wata huɗu zan yi, ita da ni. Na ce wa Malam ai ba yarinya ba ce ni, ga kofina, ga na'urata, me zai faru?

Shi ya kai ni. Daga Kirikasamma muka hau babur, ruwa na kwance hagu da dama, shinkafa ta yi kore shar. Tun a hanya muka shirya cewa shi zai yi wa Inna bayani, don ni dai ba zan iya buɗe baki in ambaci ciki a gabanta ba. To shi ma ai suruki ne. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya tsuguna can nesa, kai a ƙasa, Inna ta juya masa gefe ta ja mayafi. Aka yi gaisuwa ta kai minti goma. Da aka zo kan maganar, duk bayanin da ya haddace sai ya tsere, abin da ya fito shi ne, "Inna, dama an ce ne a riƙa rage mata abinci."

Na ji kamar in nutse. Inna ta ce wa tabarmar da take kai, "A gidan nan ba a taɓa auna wa baƙo abinci ba. Ko shekarar da ruwa ya cinye gona." Malam ya ce, "Haka ne, Inna, haka ne." Ya ƙara da cewa wai suga ne likita ya hana. Ta ce, "An ji." Shi ke nan bayanin. Da na raka shi zaure na ce, "Sannu da ƙoƙari, sarkin magana." Ya ce in yi haƙuri, in dai riƙa aunawa da kaina.

Kuma ta ji ɗin, wannan shi ne abin da har yau yake ci mini rai. Washegari babu ƙwayar suga a gidan, ta kwashe ta bayar. Ta aika har Kafin Hausa ranar kasuwa aka sayo mata zuma, farar saƙa, galan guda. Fura da zuma da hantsi. Kunun gyaɗa da zuma da safe. Dabino a jiƙe a cikin nono. Ta ajiye ƙwaryar a bakin ƙofata ta ce wa ƙofar, "A sha, babu suga ko ɗis. Wannan magani ce." Ku gaya mini, da wane baki zan ce wa Inna zuma za ta cutar da ni? Abin da kowa ya sani waraka ce, malamai suna faɗa, ita ma ta sha faɗa? Na gwada sau ɗaya. Na ce, "Inna, likita ya ce abin da ke cikin..." Ban ƙarasa ba ta miƙe ta ce wai ta ji kamar awaki sun shiga rumbu.

Sai na koma sata. In ta kawo tuwo malmala uku, in gutsuri daidai hannuna in ci, sauran in naɗe a zane in kai wa awaki ta bayan ɗaki. Fura in tuttular a gindin bishiyar bedi. Ganye kuwa ni nake tsinko zogale a jikin danga in dafa a ɓoye kamar mai haɗa asiri, don a ganin Inna kwaɗo abincin wanda hatsinsa ya ƙare ne, kuma in mata suka ga 'yarta mai ciki tana cin sa a gidanta, ta shiga uku da gori. Kwana goma sha biyu ina haka. Awakin suka yi ƙiba, lambobina suna nan lafiya.

Rana ta goma sha uku ta kama ni. Ban ji tahowarta ba. Na juyo da zane a hannu, ga ta tsaye da tsintsiya, ga akuya da kai a cikin tuwon, ga tsokar tarwaɗar da ta binne mini a ƙasa cikin turɓaya. Ba ta dube ni ba. Kifin ta duba. Ta sunkuya ta ɗauke shi, ta kaɗe ƙasar, ta wuce.

Yini biyu ba ta ce wa ko tukunya komai ba. A rana ta uku ta kawo abincin rana ta ajiye, maimakon ta tafi sai ta zauna a dokin ƙofa ta ba ni baya. Tana tsince shinkafa a faifai. Can sai na ji ta ce, a hankali, kamar da faifan take, "Wani hannu ne ya rene ta. Nawa ba zai ciyu ba. Ba laifinta ba ne, ni na bayar."

A rayuwata ban taɓa jin ta yi magana a kaina mai tsawon wannan ba. Na dubi bayanta, na ga yadda kafaɗunta suka rame, na ga wuyanta. Na jawo kwanon na buɗe. Na cinye malmala uku tas, na suɗe miyar, na kankare ƙasan kwanon da ƙarfi don ta ji. Ta ji. Ta tashi ta dawo da ƙwaryar fura.

Kada wani ya ce tilasta mini aka yi. Na ci, kuma na ji daɗi. Wata guda da rabi ina fama da yunwa, ga ciki, ga tuwon sabuwar shinkafa da miyar kuka da man shanu, ga uwata zaune a ƙofa tana sauraren cina. Na ce wa kaina yau kaɗai, gobe zan koma kan kofi. Gobe ta yi dambu. Jibi sinasir. Ta fara 'yan waƙe-waƙe a bakin murhu. Wata rana ina cin abinci ta miƙo hannu ta baya, ba tare da ta juyo ba, ta gyara mini bakin zanena da ya shiga miya. Na yini ina taɓa wurin.

Lambar ta hau. Na huda yatsa da safe na gani, na rubuta. Washegari ta ƙara hawa. A kwana na biyar na mayar da na'urar cikin jaka, na tura jakar ƙarƙashin gado. Ba lalacewa ta yi ba, kuma abin gwajin bai ƙare ba. Ba na son gani ne kawai. Kullum bayan la'asar Malam yakan kira, in je jikin rumbu inda waya take kamawa, ya ce, "Nawa yau?" Sai in buɗe littafin in karanto masa lambar wancan watan. Ya ce alhamdu lillahi. Ni ma in ce alhamdu lillahi.

Ana haka jingar da take tare ruwa ta ɓalle a gabas da gari, ruwa ya shanye hanyar babur. Awo na farko ya wuce ni, na biyu ma haka. Ana iya fita da kwalekwale, mutane suna fita kullum, amma na ce wa Malam ina tsoron ruwa da wannan cikin. Tsoron tabaran malamar nan nake yi. Ƙishirwa ta dame ni, randa guda nake kusan shanyewa, fitsari ba iyaka, ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Cikin kuwa ya yi gaba abinsa. Matan gari in sun shigo sai su riƙe baki su ce, "Tabarkalla! Wannan ai tagwaye ne. Lallai ana goyon ciki a gidan nan." Inna tana jin su tana tankaɗe, ina ganin murmushi a gefen bakinta.

Akwai abin da yaron yake yi. Duk safiya in Inna ta fara daka, da taɓarya ta sauka sau biyu sau uku, sai ya harba, kamar yana amsa mata. Har nakan ce masa a raina, kai da kakarka kun fi kusa. A cikin wata na tara ya fara nauyin jiki, sai an daɗe ana daka kafin ya motsa. Na ce wuri ne ya yi masa kaɗan. Wata Talata aka yi dakan aka gama bai amsa ba. Na sha ruwan randa mai sanyi na kwanta ta gefen hagu kamar yadda aka koya mana a wurin awo. Shiru. Na yini ina lallaɓa shi, ina dannawa, ina roƙonsa. Ban gaya wa kowa ba. Yaya zan faɗa, kuma wa zan gaya wa?

Laraba da safe ta sake ɗora turmi. Na fito na tsaya a bayanta. Taɓarya tana sauka, ina riƙe da cikin da hannu biyu, ina ƙirgawa. Da na kai arba'in sai na dubi bangon ɗaki, yadda na ga tana yi tun ina yarinya, na ce, "A gaya wa masu gida, tun jiya ba a motsa ba."

Taɓaryar ta faɗi ta kifar da turmin. Gero ya watse, kaji suka taru, ba ta ko kalle su ba. Ko mayafi a hannu ta riƙe shi har bakin ruwa. Ita ta tsayar da mai kwalekwale, ita ta sa aka sauke buhunan wani mutum. A cikin jirgin ta zauna a bayana ta jawo ni na jingina da gwiwoyinta. Muna ratsa kacalla, ciyawar nan doguwa da ta toshe hanyoyin ruwa, mai tuƙi yana turawa da gora yana haƙi, ita kuwa tafin hannunta yana kan cikina tana ta salati. Ranar ta fara taɓa ni da saninta. Na daɗe ina jiran wannan hannun, ga shi ya zo ban ji komai ba sai tsoro.

A asibiti suka shafa mini mai a ciki suka yi ta yawo da abin sauraro. Malamar mai tabarau tana wurin. Na jira ta yi mini faɗa, na ma so ta yi. Sai ta cire tabaran ta riƙe a hannu. Suka ce ya yi girman da ba zan iya haifar sa da kaina ba, sai an yi aiki. Aka yanka ni aka ciro shi. Namiji ne. Ban gan shi ba, kafin in farfaɗo an kai shi. Malam ne ya ɗauke shi zuwa maƙabarta, kuma abin da ya iya gaya mini bayan kwana biyu shi ne, "Yana da nauyi. Ga gashi." Ya fita waje.

Da likita ya zo zagaye na tambaye shi, don ni ba na iya barin magana a ciki. Na ce, "Likita, abinci ne?" Ya ce rai na Allah ne, kuma ba zai iya rantsewa a kan abu ɗaya ba. Na ce ban tambaye shi wa'azi ba. Sai ya ce sugan da suka samu a jinina ranar da na zo ya hau ƙwarai, kuma da alama ya daɗe a haka. Ya tambayi abin da nake ci. Na lissafa masa, har zumar. Ya ce zuma da suga a wurin mai irin lalurata duk ɗaya ne. Da ya ɗaga labule zai fita, sai ga Inna tsaye a bayansa da fulas ɗin kunu a hannu. Ban san tun yaushe take wurin ba. Ta koma da fulas ɗin, ban sake ganin sa ba.

Littafin lambobin kuwa Malam ya gani da idonsa, inda rubutu ya tsaya. Bai ce mini komai ba, har yau. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Bayan an sallame ni aka mayar da ni ƙauye in ƙarasa arba'in, don ko babu ɗa jego yana nan. Nono ya cika ya yi ta zuba, babu mai sha. Mata suna shigowa suna cewa Allah Ya sa mai ceto ne, ina cewa amin, ina jin kamar in kore su da taɓarya. Kafin in bar asibiti an sake gwada ni, aka ce sugan ya sauka, ya tafi tare da cikin, sai dai a riƙa dubawa lokaci-lokaci. Wato yanzu in ci abin da na ga dama. Kai, duniya!

Rana ta biyu da komawata Inna ta shigo da faranti. Faranti fa, ba kwano ba, ban san inda ta samo shi ba. Rabinsa zogale ne, an dafa an matse. Gefe guda bandar kifi. Ga wani ɗan tuwo a gefe, ƙanƙane, an mulmula shi da kyau. A ɗaya hannun tana riƙe da kofin silbana. Ashe ta jawo jakar daga ƙarƙashin gado, ta ciro takardar tsarin abincin da aka ba ni a asibiti, ta kai wurin malamin makarantar gari ya karanta mata tun daga sama har ƙasa. Ta ajiye farantin a gabana, ta dubi ƙofa, ta ce, "A duba ko haka aka ce."

Wani abu ya taso mini tun daga inda aka ɗinke ni. Na so in yi jifa da farantin. Na so in ce, yanzu? Yanzu da aka binne shi? Ina kunnenki yake wata biyu da suka wuce? Amma ina nawa bakin yake a lokacin? Na dubi ɗan tuwon. Ta auna shi da nata hannun ne, kuma ashe hannunmu ɗaya.

Na ce, "Haka ne."

Yau shekara shida ke nan. Ban sake samun ciki ba. Na koma asibiti, an yi hoto, an ba ni magani, an ce a ci gaba da addu'a, kuma na san abin da likita yake nufi in ya fara cewa haka. Al'adata ma ta fara tsallake wata. Malam yana ɗinka wa 'ya'yan mutane kayan suna, in ya gama ya ninke ya sa a leda, ba ma maganar.

Inna ta kewaye gidanta da zogale, har ya fi danga tsawo. Ta daina sayen zuma, ko a maganin tari ba ta yarda a kawo mata ita gida. Duk zuwan da zan yi, da salla ko da biki, ƙannena da 'ya'yansu suna zaune a kan manyan kwanuka, ni sai a kawo mini farantina, rabi ganye, da tuwo daidai dunƙulen hannu. Kofin yana rataye a ƙusa a ɗakinta, ba mai taɓa shi. Na sa an gaya mata cewa na warke, ciwon na ciki ne kawai, kuma babu cikin. Ta ce wa kazar da ke gabanta, "A dai ci gaba. Ba a san ranar da za a sake samu ba." Ita har yanzu jira take yi. Ni na daina, amma ban iya gaya mata ba.

Da sallar layyar da ta wuce na je. An yi tuwon sabuwar shinkafa, ƙamshin man shanu ya cika gidan, yara suna ta suɗe hannu. Na cinye nawa a loma huɗu. Yunwa nake ji ta gaske, kuma na gaji, na gaji da farantin nan da abin da yake tuna mini. Tana tsugune a bakin tukunya tana kwasa, ta ba ni baya. Ban dubi bango ba, ban dubi kaza ba. Na miƙa farantin na ce, "Inna, ƙara mini."

Hannunta ya tsaya da mara a cikin tuwon. Ta daɗe a haka, tururi yana dukan fuskarta. Sannan ta mayar da murfin ta rufe, ta ce wa tukunyar, "Ai na taɓa ƙarawa."